Katin da Aka Tura Daji

Ƙanena bai taɓa sha'awar zaman shago ba. Manomi ne tun tasowarsa, kuma gonarmu ta gado da ke bayan Wagini ita ce ta riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba. Gero da wake muke samu, wani lokaci har a sayar da rara. Shekarar da 'yan bindiga suka fara sace mutane a gonakinsu ya daure ya yi noma. Da damina ta zagayo aka harbe mai gonar da ke iyaka da tamu yana tsakar huɗa, sai Inna ta ce in ya sake taka wurin ba ta yafe masa ba. Ya kwaso ta da matarsa suka dawo cikin Batsari, ya kama wata 'yar kwantena kusa da tasha.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana. Mijina direban babbar mota ne, yakan yi wata ban sa shi a ido ba, don haka duk abin da ya taso a gidanmu ni da ƙanen nan nawa muke kashewa ta waya.

Da cajin waya ya fara, da faifan sola guda ɗaya. Daga nan ya shiga sayar da katin kira da data. Wani abokinsa da ya yi karatun kwamfuta ya haɗa masa ɗan shafi a intanet, inda mutum zai shiga daga ko'ina ya biya da katin bankinsa, shi kuma ya tura masa abin da ya saya. Akwai kamfanin da ke tsakani, shi ke karɓar kuɗin daga bankin mai saye, ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya zuba wa ƙanena. 'Yan yankinmu da wahala ta watsa Kano da Legas suka riƙa saya wa iyayensu ta wurinsa. Ya yi ƙiba. Ya saya wa Inna katifa. Yakan ce mini, "Yaya, kayan nan nawa ba sa ruɓewa, gara ba ta ci, kuma ɓarawo ba ya ɗauka a ka."

A unguwar da nake haya a Safana akwai wani ma'aikacin gwamnati, ɗan ƙauyen Karare, katanga ce kawai tsakanin gidansa da nawa. Mutum ne mai fara'a da tsafta, rigarsa kullum a goge. Matarsa takan zo aron turmi wurina, ni ma nakan aiki 'ya'yanta. Wata Asabar da hantsi ya yi sallama a zaurena. Na fito na same shi a tsugune, ba hula, idanunsa sun yi ja.

"Malama, kin ji abin da ya same mu."

Na ji. Duk garin an ji. An ɗauke yayansa a gonar gyaɗa a Karare. Dangi sun sayar da shanun huɗa, sun haɗa abin da aka nema, an kai. Yanzu kuma mutanen dajin sun ce saura katin waya, a tura musu kafin la'asar, in ba haka ba a je a ɗauki gawa. Ya ce ya zagaya masu sayar da kati a Safana, kowa ya ji yawan abin sai ya ce ba shi da shi.

"An ce ƙanenki yana da babbar hanya. Ki taimake ni don Allah. Yayan nan nawa shi ne ya riƙe ni tun ina yaro, shi ya biya mini kuɗin makaranta."

Na kira ƙanena, na sa wayar a fili yadda duk za mu ji. Da na gama bayani sai ya ce:

"Yaya, in aka bi lambobin wayar da za a tura wa, ni za a gani."

"Rai ne fa," na ce.

"Na sani. To Malam, ka turo mini lambobin a rubuce daga wayarka."

Maƙwabcina ya girgiza kai kamar ƙanena yana ganinsa. "Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri. Ni ma'aikaci ne. In aka kama wayata da waɗannan lambobi na rasa aikina. Bari in karanto maka."

A tafin hannunsa ya rubuta su da biro. Ya riƙa karantowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanena yana maimaitawa. Sannan ya ciro katin bankinsa, ya shiga shafin, ya biya a kan idona. Abin ya fi ƙarfin kayan da ke hannun ƙanena, sai da ya kira dilansa na Katsina ya ƙara masa bisa amana. Kafin azahar komai ya tafi. Maƙwabcina ya tofa yawu a tafinsa ya goge a jikin wandonsa, ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

An sako dattijon, yayan nasa. Mun je barka da matan unguwa a bayan wata a-kori-kura. Yana kwance a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura sun tsage saboda tafiya da ɗauri, ba ya iya gane kowa sosai. Na yi kuka a wurin, na kuma ji daɗi a raina cewa da hannunmu a cikin fitowarsa.

Sai da aka fara yankan gero ƙanena ya kira ni ina cikin aji.

"Yaya, kuɗin sun koma."

"Wane kuɗi? Sun koma ina?"

Ban taɓa sanin ana iya haka ba. Ashe wanda ya biya da kati yana da damar zuwa bankinsa daga baya ya ce ya biya amma ba a ba shi abin da ya saya ba. Banki sai ya janye kuɗin daga kamfanin tsakani, kamfanin kuma ya cire a jikin mai sayarwa, har sai in mai sayarwar ya kawo shaidar cewa kaya sun isa. An yi tsarin ne don kare masu saye daga 'yan damfara. Maƙwabcina ya je ya ce ya sayi katin kira, ko na sisi bai shigo wayarsa ba.

Na ce kuskure ne, wataƙila wani ne a banki ya haɗa takardu. Da aka tashi makaranta ban ko shiga gidana ba, na tsaya a ƙofarsa. Ya fito da buta a hannu, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara da maigida da aiki. Na faɗa masa abin da ƙanena ya ce.

"E, haka ne," ya ce. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"Malam, a zaurena ka biya. A gabana ka karanta lambobin."

"Malama, ni abin da na faɗa wa banki gaskiya ne. Ga wayata, duba. Kati ya shigo?"

"Ai ba wayarka ka ce a tura ba."

"To a nuna musu inda aka tura mana." Ya ajiye butar a hankali. "Ai suna karɓar shaida. Ƙanenki ya tattara lambobin ya aika musu, ya ce ga waɗanda na tura wa. Ni ban hana ba."

A nan na gane cewa ba ruɗewa ba ce ta sa ya ƙi rubutawa ranar nan, ko kuma in ruɗewa ce, to daga baya ya zauna ya ga amfaninta. Babu abin da ke haɗa shi da lambobin. Abin da ke akwai kawai shi ne wani mai shago a Batsari ya tura kati mai yawa zuwa wayoyin 'yan bindiga a wuni ɗaya.

"Ka ji tsoron Allah," na ce.

"Ina jin tsoronsa. Mun sayar da shanu, mun sayar da gona, albashina na ciwo bashi a kansa. 'Ya'yan yayana suna gidana yanzu, kin gan su. Shi ƙanenki ai ɗan kasuwa ne, gobe zai mayar. Da bala'in nan yake cin riba ma, kowa na kiran 'yan'uwansa yana kuka, shi yana ƙirga kuɗi."

Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.

Ranar Lahadi na hau babur zuwa Batsari. Na sami ƙanena a kwantena, ya rame cikin 'yan kwanaki. Ya kira kamfanin a gabana. Wata mace ce ta ɗauka, da Turanci take magana, ni na riƙa amsa mata. Ba ta da laifi, muryarta ma da taushi. Ta ce abin da suke so biyu ne: shaidar cewa an tura kayan, da shaidar cewa mai katin ne da kansa ya ce a tura wa waɗannan lambobi. Saƙo ko imel ko muryarsa da aka naɗa. Na ce da baki ya faɗa, kuma ni shaida ce. Ta ce ta gane, amma shaidar 'yar'uwar mai sayarwa ba ta shiga. Na tambaye ta, in mun aika lambobin, wa zai gani? Ta ce su, da bankin mai katin, da duk hukumar da ta nema.

Inna tana zaune a kan benci a bakin ƙofa, ta biyo shi don hankalinta bai kwanta ba. Da na fassara mata, ta ce, "A bar masa. Kuɗi ne. Kada ka aika komai."

Ƙanena ya ce, "Inna, ba nawa ba ne kaɗai. Da na dila a ciki."

"Na ce a bar masa."

Bai aika ba. Wa'adin ya wuce, aka ba maƙwabcina gaskiya. Daga ranar duk wanda ya biya a shafin, kamfanin ke haɗiye kuɗin don cike ramin, har da tarar da suka ɗora. Mutane suna biya, ƙanena ba shi da abin sayo musu kaya. Wani ɗan garinmu da ke gadi a Legas ya saya wa mahaifiyarsa kati bai shiga ba, ya kira ya zage shi tas, sannan shi ma ya kai ƙara banki, kuma shi da gaskiyarsa. Wasu suka bi. Kamfanin ya rufe shafin, ya rubuto cewa ƙorafi ya yi yawa a kansa. Dila ya aiko aka kwance solar aka tafi da ita.

Na yi tunanin dattijon da aka sako. Na ce shi dai ya san da me aka fanshe shi. Na je Karare ni kaɗai, na same shi a zaune a gindin bango, ya ɗan farfaɗo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ce yayar yaron da ya tura katin nan." Na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har na gama, yana murza carbi.

"'Yata, ni ina daji a ɗaure. Ban ga abin da aka yi a gari ba."

"Baba, magana ɗaya za ka yi masa."

"Shi ke ciyar da ni yanzu. Shi ke sayen maganin ƙafar nan." Ya kawar da kai. "Ki yi haƙuri. Ki gaida gida."

Zuwan nan nawa ya koma kunnen maƙwabcina. Ban san ko tsoro ya ji ba, ko haushi. Abin da na sani, ba a daɗe ba magana ta fara yawo a majalisu cewa akwai mai kwantena a tashar Batsari da ke loda wa mutanen daji waya. Aka ce shi ya sa ya yi ƙiba lokacin da kowa ke ramewa. Aka ce shi ya sa kamfani ya rufe masa shafi, sun gano shi. A shekarun nan kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba ta buƙatar shaida, in ta manne wa mutum shi ke nan. Matar maƙwabcina ta daina aron turmi. Wata malama da muke aji kusa da juna ta tambaye ni a ofis, da murmushi, wai ko gaskiya ne ƙanena yana da sababbin abokan ciniki.

Ranar kasuwa suka zo masa, da rana tsaka, tasha cike da mutane. Samari ne na sa-kai, wasunsu ya sha yi musu caji kyauta. Suka ja shi waje, suka karɓi wayarsa, suka sa ya buɗe. Bai goge komai ba, don yana ganin wata rana zai buƙaci shaidar. Lambobin suna nan. Ɗaya daga cikinsu ya gane guda, ita aka kira shi da ita lokacin da aka ɗauke ƙanwarsa.

Ƙanena ya yi ta cewa, "Fansa ce! Ku tambayi mutanen Karare! Ku kira yayata!" Ba wanda ya kira ni. Suka ɗora hannunsa na dama a kan bencin da Inna ke zama, suka dake shi da gindin bindiga, suka ce da shi yake dannawa. Mutane suna kallo. Wani mai nama da ke maƙwabtaka da shi ya ce mini daga baya ya so ya yi magana, amma ya tuna yana da 'ya'ya. Limamin unguwarsu ne ya kutsa ya kwanta a kansa, ya rantse cewa ya san labarin fansar, sannan suka bar shi. Kafin su tafi sun fasa kwantenar, wayoyin mutane da ke wurin kuma ba a sake ganinsu ba.

A asibiti aka ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasuwa ba, kunnen hagu kuma ya tafi. Rabonsa na gonar Wagini aka sayar, a wulaƙance, don ba mai son gonar da ba a zuwa. Da shi aka sallami dila da masu wayoyi. Maƙwabcina ya aiko matarsa da kwanon kunu ta yi mini jaje. Na karɓa, na ce an gode, don ban san abin da zai sake cewa a majalisa ba in na mayar.

Da ƙanena ya iya tashi ya kwashe Inna da matarsa suka koma Katsina, ɗaki ɗaya a bayan gari. Ba a jima ba ma aka katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya na wani lokaci, sana'ar ta mutu a hannun waɗanda suka rage. Shi kuwa ya sake farawa a can, da sunan matarsa, don nasa ya ɓaci a wurin kamfanoni. Amma kamar wani mutum ne daban ya buɗe sabon shafin, ba ƙanen da na sani ba. Duk mai saye sai ya rubuto lambar da kansa daga wayar da ke haɗe da katinsa. Sai ya amsa saƙon tabbatarwa. In sayen ya yi yawa sai ya naɗo muryarsa yana faɗin abin da ya saya da wanda za a tura wa, kuma sai an kwana kafin a tura. Bayan an tura sai ya rubuto cewa ya shiga, in ya ƙi ba a sake sayar masa. Yana adana komai a wuri biyu. Sau da dama an sake gwada janye masa kuɗi, ya aika shaidunsa, aka dawo masa da abinsa. Masu saye suna cewa ya cika tsanani, amma ba sa barinsa, don kayansa na isa.

Na kai musu ziyara wani hutu. Muna cin tuwo da rana wayarsa ta yi ƙara, ya sa a fili saboda kunnen. Wata mata ce daga ƙauyukan Batsari, ta san Inna, ta kira ta da sunan da ƙawayenta ke kiranta. An ɗauke 'yarta mai goyo. An ce a tura kati kafin yamma. Ba ta iya rubutu ba, wayar ma ta aro ce, katin bankin na wani ɗan ƙanenta ne.

"Ba na yi," ƙanena ya ce.

"Ɗana, don girman Allah. Zan karanto maka, an rubuta mini a kwali."

"Mama, ba na yi. Ki nemi wani."

Ta ci gaba da roƙo, tana kiran sunayen iyayenmu. Ya kashe wayar. Ta sake kira, ya toshe lambar. Sannan ya ci gaba da cin tuwonsa da hagu, don dama ba ta kama loma. Inna ta tashi ta shiga bayan labule. Ban kuma taɓa jin yadda aka ƙare da yarinyar ba, na yi tambaya sau ɗaya aka ce ba a san wadda nake nufi ba, sun yi yawa.

Dattijon Karare bai daɗe ba, ƙafar ce ta ci shi. Matan unguwa suka haɗa kuɗin mota, na bi su ta'aziyya, don rashin zuwana zai zama abin magana. Muka zauna a tsakar gida a kan tabarmi, ana raba gumba. Matar maƙwabcina tana tsakiya tana ba baƙi labarin irin ɗawainiyar da mijinta ya yi da marigayin.

"Wallahi ba abin da bai yi ba. Shanu, gona, albashinsa. Har katin waya suka ce a tura musu, shi ya tsaya da aljihunsa ya saya. Ga Malama nan, a zaurenta aka yi. Ko ba haka ba, Malama?"

Duk suka juyo suna kallona.

"A zaurena aka yi," na ce.

Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce Allah ya saka masa da alheri, ya ba kowa ƙane irinsa. Tsakar gidan ta amsa da amin. Aka miƙo mini gumba, na karɓa na riƙe a hannu har muka hau mota.